Banɗakin Gwamna

A gidanmu mu uku ne: ni, da maigidana Harrilall, da Gwamna. Idan kuwa bisa daraja za a jera mu, to sai a fara daga Gwamna, a ajiye ni a ƙarshe. Gwamna tsuntsu ne, towa-towa, baƙi mai jan ciki, girmansa bai wuce ƙwan kaza ba. Duk Lahadi da sassafe mazan ƙauyenmu sukan kwashi tsuntsayensu a keji zuwa bakin katangar teku, wadda take tare mana ruwa, su rataye biyu-biyu a jikin sanda, su yi cirko-cirko suna sauraron wanda zai fi ɗan'uwansa waƙa. Ba yara ba fa, manyan mutane masu jikoki. Gwamna ya sha cinye gasar, har daga Georgetown, babban birninmu, ake zuwa kallonsa, kuma ni Drupattie ban taɓa jin wani ya hau mota don ya zo ya gan ni ba.

Banɗakin nawa ne tun asali. 'Yarmu Nandranie, da muke kira Nanda, wadda take aikin jinya a New York, ita ta sa aka gina shi a sama, na siminti, manne da bayan gidanmu na katako da yake tsaye a kan ginshiƙai, don in daina sauka tsani da wannan gwiwar tawa. Yana da taga mai kyau, tana kallon bishiyar mangwaro. Na ji daɗinsa ƙwarai, na ɗan lokaci.

Sai ɓarawo ya shigo ƙauyen, ba ya ɗaukar komai sai tsuntsaye. Ya kwashe na maƙwabcinmu har da kejin. Washegari Baban Nanda ya zagaya gidan yana ƙwanƙwasa bango, ya gano cewa ɗaki ɗaya ne tak na siminti. Ya samo faifan katako ya buge a kan tagar da ƙusoshi, ya cusa tsumma a duk inda haske yake leƙowa, ya kafa ƙugiya a rufi. Tun daga ranar Gwamna yake kwana a banɗaki.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Wani a wajen gasa ya gaya masa cewa tururi yana buɗe maƙoshin tsuntsu. Ni kuma da ruwan zafi nake wanka saboda gwiwa. Shi ke nan, aka haɗa mu. In na shiga da bokitina, sai a bar Gwamna a rataye yana kallona da ido ɗaya. In na fito, Baban Nanda yana tsaye a bakin ƙofa.

"Rufe, rufe, Dru! Kada ki ɓarar masa da tururi."

"Haba Baban Nanda, a bar ƙofar mana ɗakin ya sha iska."

"Iska ai tana waje, wanda yake so ya fita ya sha."

Mu da muke zaune ƙasa da teku, ruwa a gaba, ruwa a baya, ruwa daga sama rabin shekara, ko takalmi ka manta a ƙarƙashin gado sai ya fito da gemu. To balle ɗakin da aka toshe, kullum ana dafa shi. Farko wasu ɗigo-ɗigo na gani a kusurwar rufi, baƙaƙe, kamar an watsa masoro. Na ɗauka datti ne. Na ɗaura tsumma a tsinken tsintsiya na goge, suka tafi, suka dawo da 'yan'uwansu. Suka gangaro bayan famfo, suka bi layin tayil, suka kama labulen roba. Sai wari, irin na buhun da ruwa ya jiƙa aka manta da shi. Tawul ba ya bushewa. A nan na san fumfuna ce.

Na gaya masa. Ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "Kirsimeti ai ta kusa."

A nan garin, ko Hindu ne kai kamar mu, ko Musulmi, ko ɗan coci, idan Disamba ta kama dole gida ya sha fenti, a sauya labule, a goge kujeru. Gidan da bai yi ba, za a yi ta maganarsa har Ista. Baban Nanda bai taɓa fashi ba. Ya sayo fenti mai maiƙo, kore, ya shafe banɗakin tas, har da katakon tagar. Ya yi kyau kuwa, ba zan yi masa ƙarya ba. Kafin a gama cin kek ɗin Kirsimeti baƙin ya fara leƙowa ta ƙarƙashi. Shekara ta zagayo aka sa shuɗi. Ta sake zagayowa aka sa ruwan ɗorawa. Bangon ya yi ta ƙiba, yana fitar da ƙuraje.

Tari kuwa tun shekarar koren fenti ya kama ni. Ba irin na mura ba, wanda yake zuwa ya tafi. Wannan zama ya zo yi. Ƙirjina ya riƙa yin wani siririn fito idan na ja numfashi, hawa tsani ya koma aiki, ko ƙullin gurasarmu roti nake murzawa sai na tsaya na huta. Na je asibitin ƙauye, wata likita matashiya ta saurari bayana, ta tambaye ni ko ina shan taba. Na ce ko kusa. Ta ce da itace nake girki? Na ce da gas. Ta ce akwai ɗaki mai laima a gidan, mai baƙi-baƙi a bango, mai wari? Na ce akwai, kuma a ciki nake wanka. Ta ba ni abin shaƙa, ta ce, "Anti, wannan zai sassauta miki ne kawai. A buɗe tagar, a kankare bangon, a wanke shi ya bushe. Fenti ba ya kashe fumfuna, bargo yake lulluɓa mata."

Na dawo na isar da saƙo kalma-kalma. Baban Nanda yana tsince wa Gwamna irin ciyawa a faranti, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zaɓen zinariya.

"Ita likitar ta taɓa shiga banɗakinmu?"

"A'a."

"To."

Ya tashi ya dafa min citta da zuma. Ba mugu ba ne, wannan shi ne abin haushin. Da mugu ne da na san inda zan ajiye shi. Mutum ne da kunnensa ya tafi wuri ɗaya ya zauna. Gwamna kuma tun asuba yake farawa, ba ya rufe baki sai rana ta faɗi, duk gidan shi ake ji.

Nanda ce ta ji tarin a waya. Na yi ƙoƙarin danne shi, ya ƙwace.

"Ma, wannan tarin bai tafi ba har yanzu?"

"Ƙura ce."

"Wace ƙura da damina? Ma, ni fa aikina ke nan, kada ki raina min hankali. Ina zuwa Kirsimeti. Wallahi in na tarar da ke a haka, ƙafata ƙafarki, tare za mu dawo."

Nanda ba ta barazanar banza, halina ta ɗauko. Na taɓa zuwa mata sau ɗaya. Ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, tagarsa ƙafafun masu wucewa kawai take nuna maka, ga sanyi kamar a ciki ake ƙera shi. Na yi wata ban ga ƙasar da zan tsuguna in taɓa ba. A nan ina da mangwarona, da wake mai tsawo a jikin shinge, da bishiyar kori, mai ganyen ƙamshin miya, da uwata ta dasa min da hannunta. Kuma na san Baban Nanda ba zai bi ni ba, don ba a ba tsuntsu biza. Shekara arba'in da wani abu muna tare. Tsoro ya kama ni sosai, ba na mutuwa ba, na a ɗauke ni daga gidana in je in ƙarasa a rami, shi kuma in bar shi da tsuntsu da tukunyar da bai san yadda ake kunna wa wuta ba.

Na ce masa, "Nanda za ta tafi da ni fa."

Ya ce, "Kafin ta zo na yi fenti. Bana ruwan hoda na sayo, za ki ga yadda zai yi haske."

Gwangwanin yana nan a ƙasan tsani, ba a buɗe ba, ranar Lahadin da ya dawo daga gasa da wuri. Daga yadda ya riƙo kejin na san an yi wani abu. Ya hau sama, ko hularsa bai cire ba. A bayansa akwai Winslow, abokinsa tun suna aikin rake, dogon mutum mai sanda, shi ma mayen tsuntsu ne.

"Anti Dru, ina kwana. Yau mun ga abin mamaki. An rataye Gwamna kusa da wani ɗan tsurut da aka kamo jiya-jiya, Gwamna ko ƙala bai ce ba."

Na ce, "Wataƙila ya gaji ne. Mu ma da muke saurare mun gaji."

Ba wanda ya yi dariya. Gwamna ya kumbura gashinsa, ya takure a kan sanda, baki a ɗan buɗe, wutsiya tana sama tana ƙasa. Winslow ya cire hula, ya kara kunnensa a jikin kejin ya daɗe.

"Lall, ƙirjinsa ne. Zo ka ji. Yana fito ta ciki."

Baban Nanda ya kara nasa kunnen. Fuskarsa ta sauya kamar an aiko masa da rasuwa.

"Irin da kake ba shi bai yi laima ba?"

"Ni? Ɗaya-ɗaya nake tsincewa!"

"To ina yake kwana?"

Aka buɗe wa Winslow banɗaki. Ya sa kai, ya ja da baya, ya toshe hanci da hular. Sannan ya miƙa sandarsa ya danna ɗaya daga cikin ƙurajen bangon. Fentin ya fashe, ya zubo da wani baƙin gari mai damshi.

"Tabɗi! Lall, a nan kake kwanar da shi? Ai ko jaki aka rufe a nan sai ya yi tari. Wannan fumfuna ce, irinta ta kashe min tsuntsu biyu a tsohon ɗakin ajiyata. Ba ta buƙatar ka taɓa ta, a iska take tafiya, ka shaƙe ta ta zauna maka a huhu."

"Amma tururi..."

"Wane tururi? Wanda ya gaya maka haka, ina nasa tsuntsun yake yanzu?"

Da alama Baban Nanda ya tuna inda tsuntsun yake.

Ina tsaye a bakin ƙofar kicin da ludayi a hannuna. Na ce, "Abin da likita ta faɗa ke nan."

Ya ce, "Likita ai ba ta san tsuntsu ba."

Ban jefe shi da ludayin ba. Har yau ina mamakin kaina.

Abin da na yi shekaru ina roƙo, kafin rana ta take an fara shi. Ya sauko da Gwamna ƙasan gida, inda muke rataye ragar kwanciya tsakanin ginshiƙai, ya lulluɓe gefen kejin da sabon ɗankwalina don kada ƙura ta same shi. Sannan ya ce in zo in riƙe masa bokiti.

Na ce, "Ni ƙurar ba ta kama ni ne?"

Ya kalle ni kamar na yi masa tambaya da wani yare. Na ɗauki kujerata na sauka na zauna kusa da tsuntsun. Marasa lafiya biyu, sai mu yi jinyar juna.

Daga ƙasa nake jin komai. Ƙarar zare ƙusoshi, sannan katakon tagar ya faɗo cikin gindin mangwaro, bayansa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Winslow ya sa shi ya ɗaure hanci da baki da tsumma, ya sa safar roba, ya fara yayyafa wa bangon ruwa kafin ya kankare don kada garin ya tashi. Fentin ya riƙa saɓulowa falle-falle. Da ya sauko zubar da bokitin farko na leƙa: ruwan ɗorawa, baƙi, shuɗi, baƙi, kore, baƙi. Duk Kirsimetinmu ga su nan a jere. Labulen roba aka cusa a leda aka ɗaure. A bayan famfo suka tarar bututu yana tsiyaya a cikin bango, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Suka wanke ko'ina da sabulu, suka bi da ruwan bilic. Winslow yana ta faɗa kada ya kuskura ya haɗa bilic da wani maganin wanki, kuma kada ya kusanci gwangwanin fenti sai bangon ya bushe ƙayau, ko da za a kai bayan sabuwar shekara.

Na ji Baban Nanda yana cewa, "Kirsimeti ba fenti? Me mutane za su ce?"

"Su zo su yi wanka a ciki mana," in ji Winslow.

Da la'asar Winslow ya tafi. Baban Nanda ya sauko, gashin kansa duk ɓurɓushin fenti, ya zube a ragar kwanciya. Ruwa ya ɗauke, ko rediyon maƙwabta ba a kunna ba. Rabon gidanmu da irin wannan shiru tun kafin a kawo Gwamna. Ina gyaran wake a tire, shi kuma ya zuba wa kejin ido.

Can sai ya zabura ya zauna.

"Dru! Kin ji? Ya fara!"

Ya lallaɓa ya ɗaga ɗankwalin. Gwamna yana takure, ido a rufe, kai a cikin fiffike. Amma fiton bai tsaya ba, siriri, yana zuwa yana komawa. Baban Nanda ya karkata kai irin yadda yake yi a wajen gasa, ya bi sautin da kunne a hankali, daga kejin, zuwa ginshiƙi, zuwa tiren wake, har ya zo kaina ya tsaya.

"Ke ce?"

"Ni ce."

"Tun yaushe?"

"Tun koren fenti."

Mutumin da yake iya bambance muryar tsuntsu ashirin daga tsallaken titi. Na so in faɗa masa magana mai zafi, na daɗe ina tara su, kowace da wurinta. Amma da na dubi fuskarsa sai tausayinsa ya kama ni, kuma na ji haushin kaina da na tausaya.

Ya shiga ɗakin ajiya ya fito da guduma, ya hau sama. Na ji duka a jikin siminti, gidan duka yana girgiza. Na ɗaga murya na ce me kuma yake fasawa, tagar ai ta buɗe. Ya ce taga ɗaya ba ta isa ba, iska tana son inda za ta shiga da inda za ta fita. Ko wa ya koya masa a cikin rabin yini, oho.

Gwamna bai kai Kirsimeti ba. Mun tashi da safe muka tarar da shi a ƙasan kejin. Baban Nanda ya naɗe shi a cikin ɗankwalin nan nawa, ya binne shi a gindin bishiyar kori, bai tambaye ni ba, ni ma ban hana ba. Ya zauna a tsani har rana ta yi zafi. Na kai masa shayi, na zauna a matakalar ƙasa da tasa. Gaskiya ni ma na ji ba daɗi. Shekaru muna wanka tare.

Nanda ta iso ana saura kwana kaɗan Kirsimeti, da akwatuna biyu, ɗaya ba komai a ciki. Na san na waye. Ko takalmi ba ta cire ba ta wuce banɗaki. Bango tsirara, siminti toka-toka, taga a buɗe, ga wani rami a sama an toshe shi da ragar sauro. Ta shaƙi iskar ɗakin, ta shafa bangon, ta duba tafin hannunta. Ta fito ta ciro abin sauraron ƙirji daga jaka, ta ce in zauna.

"Ja numfashi, Ma. Sake."

Ta naɗe abin a hannunta.

"Ya ragu, amma yana nan. Pa, na gode da ramin, sai dai an makara. Zan tafi da ita."

Baban Nanda yana tsaye da hularsa a hannu kamar wanda aka kawo gaban alƙali.

"Nanda, ki bar min ita. Na san yadda ake yi."

"Yadda ake yin me?"

"Kula da mai ciwon ƙirji. Hantsi da safe, iskar teku kafin motoci su fito, ba laima, ba hayaƙi. Magani a kan lokaci. Kuma a riƙa saurare kullum."

"Pa, uwata ce fa, ba tsuntsu ba."

"Na sani," in ji shi. "Tsuntsun ai na kashe shi. Wannan ba zan kashe ba."

Nanda ta juya ta kalli taga. Ta daɗe tana kallon mangwaron da ba shi da ko 'ya'ya. Daga baya ta ce ta ba shi zuwa Ista, kuma za ta bar akwatin a nan, a saman kabad, inda zai riƙa ganinsa.

Akwatin yana nan, ya fara tara ƙura. Yanzu kullum da sassafe Baban Nanda yake tayar da ni, ya miƙo min abin shaƙa, ya fita da ni zuwa katangar teku, ta hanyar da yake bi da Gwamna, a kuma irin tafiyar, sannu-sannu don kada a girgiza. In rana ta fara zafi sai ya mayar da ni inuwa. In na yi wanka kuwa, yana tsaye a bakin ƙofa da tsumma a hannu.

"Buɗe, buɗe, Dru! Bari ya fita."

Ranar Lahadin da ta wuce muka bi ta wajen masu gasa. Ga keji-keji a jere, tsuntsaye suna ta tsala waƙa. Winslow ya hango mu ya ɗaga sanda.

"Lall! Yau me ka kawo mana?"

"Wannan ba ta gasa ba ce," in ji shi, bai ko rage tafiya ba.

Sai da muka yi nisa, inda ba a jin tsuntsu ko ɗaya, ya tsayar da ni. Ya cire hula, ya karkata kai, ya kawo kunnensa kusa da ƙirjina, a bainar jama'a, tsofai-tsofai da mu.

"Ja numfashi."

Na ja, har ƙasa. Ya saurara. Ya ce in sake, na sake.

"Me ka ji?"

"Ba komai," in ji shi. "Ko ƙala."

Ya mayar da hularsa, ya goge ido da bayan hannu, ya ce iskar teku ce. Sannan ya kama hannuna muka juya gida.